Tada mota da rimot a lokacin hunturu: abin da ke sa cikinta ya yi ɗumi, da abin da ke hanawa

Maɓallin da ke jikin rimot inji kawai yake tadawa. Ɗumin da ake so a tarar a cikin mota wani aiki ne daban, kuma ya dogara da abubuwa biyu: yadda aka bar saitin hita lokacin da aka kashe motar, da lafiyar hanyoyin ruwan inji. Shi ya sa za ka ga mutum biyu da mota iri ɗaya, a sanyi ɗaya, kowa ya danna rimot ɗinsa, bayan minti 10 ɗaya ya fito ya tarar ƙanƙarar gilashi ta saki, ɗayan kuma ya tarar inji na ta kaɗawa amma ciki kamar ba a taɓa komai ba.

Daga ina zafin yake zuwa

A motar fetur ko dizal, hita ba ta ƙera zafi da kanta. Zafin da inji ke zubarwa take ara. Ruwan da ke zagaye inji yana ɗaukar zafi, famfon ruwa ya tura wani kaso nasa ta tiyo biyu zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fanka tana hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafin ta fito ta ramukan da ke gabanka. Akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ke raba iskar, wata ta bi ta ƙaramin lagireton, wata ta kauce masa, gwargwadon inda ka ajiye abin murɗa zafi. Muddin ruwan bai yi zafi ba, komai ƙarfin fanka iska mai sanyi za ta busa.

Matsalar ita ce inji mai silo, wato wanda ke aiki mota na tsaye ba a ba shi wuta ba, ɗan abin da yake ƙonawa kaɗan ne. Ƙiyasin da ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada ke amfani da shi shi ne kusan lita 0.6 a awa ga kowace lita ɗaya ta girman inji. Inji mai lita 2.0 ke nan yana shan kamar lita 1.2 a awa idan yana tsaye. Motar nan kuma idan tana gudun kilomita 100 a awa, tana shan lita 7 a kowace kilomita 100, to lita 7 take ƙonawa a awa, wajen ninki shida. Zafin da ake samu ma haka yake ninkawa. Kuma ɗan zafin silon nan ba hita kaɗai ke jiransa ba. Sai ya ɗumama ƙarfen inji da ya haura kilo 100, da lita 6 zuwa 8 na ruwa, da lita 4 ko 5 na baƙin mai, wani kaso kuma ya fice ta salansa.

Saboda haka kada a sa ran allurar zafi za ta kai tsakiya a silo idan sanyi ya yi tsanani. Inji yana aiki daidai ne a wajen digiri 90, amma a safiyar da ta kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili, minti 10 na silo ba ya kai shi can. Ba kuma sai ya kai ba. Da ruwan ya kai digiri 40 zuwa 50 iskar ta fara ɗumi, kuma wannan ya isa ya sassauta ƙanƙarar gilashi. Abin da ya kamata a nema daga rimot ke nan: gilashi ya washe, sanyin ciki ya karye. Sauran ɗumin a kan hanya ake samunsa, cikin minti 5 na tuƙi a hankali.

Aikin da ake yi tun da dare

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Motoci kashi biyu ne ta wannan fuska.

Mai saitin iska na otomatik, wadda ake rubuta mata digirin da ake so, idan tsarin rimot ɗin na kamfani ne, yawanci tana duba sanyin waje ta yanke wa kanta hukunci: ta kunna hita, ta karkata iska zuwa gilashi, ta kunna wayoyin da ke ɗumama gilashin baya, wani lokaci har da ɗumin kujera da na sitiyari. Sai dai a motoci da yawa sai ka shiga jerin saitin da ke allon dashbod ka zaɓa, ko ta bi nata tsarin ko ta bi saitin da ka bari. Wasu suna zuwa da ɗumin kujera a kashe a wannan jeri, mai motar ya shekara yana ɗauka babu shi.

Mai saitin hannu kuwa, wadda ake murɗawa, yadda ka bar ta haka za ta tashi. Idan ka iso gida da yamma mota ta yi zafi ka rage hita ko ka kashe fanka, da safe inji zai tashi fanka na kashe. Don haka kafin ka zare makulli, murɗa zafi zuwa ƙarshe, ka mai da iska kan gilashin gaba, ko gilashi da ƙafa, ka sa fanka a tsakiya, ka kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, ka bar na esi a kunne.

Kowanne daga cikinsu da dalilinsa. Fanka a tsakiya, lamba 2 a mai lamba 4, saboda idan ka ƙure ta tana kwashe zafi daga ruwan fiye da yadda inji ke zubawa, sai ruwan ya daɗe bai yi zafi ba, ka samu iska mai yawa amma ba ɗumi. Motocin otomatik sun san da haka, shi ya sa suke riƙe fanka a ƙasa na 'yan mintunan farko. Mutane kan ɗauka lalacewa ce, alhali da gangan ne.

Batun juya iskar ciki akwai ja-in-ja a kansa. Gaskiya ne idan motar tana sake ɗumama iskar da ta riga ta ɗumama, ciki yana saurin yin zafi. Amma dusar ƙanƙarar da aka shigo da ita a takalmi jiya tana nan a kan tabarmar ƙasa. Da ta narke ta zama tururi, tururin ya hau gilashi mai sanyi ya zama raɓa, ko ma ya daskare daga ciki, wanda ya fi na waje wuyar kankarewa. Iskar waje a lokacin sanyi busasshiya ce, idan aka ɗumama ta tana shanye danshi. Ni a ganina, in dai akwai jiƙa ko kaɗan a cikin motar, iskar waje ta fi. Motoci da dama ma ba sa yarda a juya iskar ciki idan an sa iska kan gilashi.

Esi kuma aikinsa a nan cire danshi ne daga iska kafin a ɗumama ta. Idan sanyi ya kusa kai sifili kwamfiresa kan ƙi kamawa don kare kansa, ba laifi, barin maɓallin a kunne ba ya cutar da komai, kuma a ranakun da ke da digiri 5 ko 8 da ruwan sama shi ne ke washe gilashi da sauri.

Sai waifa. A tabbata an kashe ta kafin a kashe mota. Idan robar ta manne da gilashi cikin dare, aka tada motar daga nesa waifa na kunne, a wasu motocin ƙaramin injinta zai yi ta ja, ko fis ya ƙone, ko roba ta yage, ko sandar da ke haɗa su ta ɓalle. A kuma lura da ramin da ke gindin gilashin gaba, tsakaninsa da bonet, domin ta nan hita ke shaƙar iska. Idan dusa ta cika shi, ko dai iska ta ragu ko fanka ta zuƙo dusar ta watsa danshi a gilashi daga ciki.

Dannawa da yawan minti

Kusan kowane kamfani yana son a fara kulle motar. A Ford ana danna kulle, sannan a danna maɓallin tadawa sau biyu a jere. A yawancin Chevrolet da GMC ana danna kulle sannan a riƙe maɓallin tadawa na 'yan daƙiƙoƙi, sababbin kuma sau biyu ake dannawa. A Toyota masu wannan tsari babu maɓalli na daban: kulle, kulle, sannan a riƙe kulle a karo na uku kamar daƙiƙa 3. Fitilun gefe za su yi walƙiya, su zauna a kunne muddin inji na aiki. Wannan ne alamarka daga taga.

Inji yana kashe kansa bayan minti 10 ko 15, ya danganta da motar. Ford tana ba da zaɓin 5, 10 ko 15. Yawancinsu sau biyu kawai suke yarda a tada ko a ƙara lokaci, bayan nan sai an shiga an kunna da makulli kafin rimot ya sake aiki. Idan ka shiga, motar ba ta miƙa maka wuya ba tukuna: sai ka taka birki ka danna maɓallin kunnawa, ko ka sa makulli ka murɗa shi zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Kada ka ƙarasa murɗawa kamar mai tada inji, don sitata zai goga a jikin inji mai juyawa. Toyota da yawa kuma da an buɗe ƙofa suke kashe inji, a sake tadawa. Haka aka ƙera su.

Minti nawa ya dace? Idan sanyi bai wuce sifili zuwa digiri 5 ƙasa da shi ba, minti 5 ya isa. Daga nan zuwa 15 ƙasa da sifili, minti 10. Idan ya zarce haka, minti 15, kuma ƙari a kan wannan ribarsa kaɗan ce, domin akwai matakin da zafin da silo ke bayarwa yake daidai da wanda hita da iskar waje ke kwashewa, allura ta tsaya cak. Shi kansa injin zamani mai injekta ba ya buƙatar wannan jira. Ƙasa da minti ɗaya ya ishi mai ya zagaya. Dogon ɗumama al'ada ce da aka gada daga zamanin kafireto. Jiran na gilashi ne da jikin mutum.

Dogon silo yana da kuɗinsa. Minti 10 a inji mai lita 2.0 kamar mililita 200 ne, kuma inji mai sanyi ya fi haka sha. A yi haka safe da yamma na kwana 100, lita 40 ta tafi mota ba ta motsa ba. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne baƙin mai. Inji mai sanyi ana ba shi fetur fiye da kima, wani ya sulale ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai, tururin ruwa ma ya taru a ciki. Idan daga baya aka yi tafiya mai nisa mai ya yi zafi sosai, duk suna ƙonewa su fita. Amma wanda ke ɗumama minti 15 ya yi tafiyar minti 5 kullum, nasa taruwa yake yi. Alamarsa farin kumfa mai kauri a ƙarƙashin murfin zuba mai, da warin fetur a jikin sandar awon mai. Irin wannan mai mota ya riƙa canza mai da wuri, ya kuma samu rana ɗaya a mako ya yi tuƙin rabin awa. Kada kuma a manta silo ba ya ɗumama man giya sosai, balle tayoyi da shokozoba. Ko ciki ya yi ɗumi, a fara tafiya a hankali.

Ɗumin kujera da na sitiyari da wayoyin gilashin baya duk lantarki ne, ba sa jiran ruwan inji, don haka su ne ke fara aiki. Kujerar da ba kowa a kai ba ta yin zafi kamar wadda aka zauna, kuma a wasu motoci fitilar maɓallin ba ta kamawa lokacin rimot ko da tana aiki. Gilashin baya yana da agogonsa, yana kashe kansa bayan minti 10 zuwa 15.

Idan ka fito ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, abin kankara na roba ne maganinta, kuma za ka ga tana ɓarewa falle-falle tunda ƙasanta ya saki. Ruwan zafi kuwa fasa gilashi yake yi. Gilashin da ke da ƙaramin tsagu ma a yi masa a hankali, iska mai zafi farat ɗaya kan sa tsagun ya yi tsawo.

Idan ta ƙi tashi

Kwamfutar mota tana duba sharuɗɗa kafin ta amsa. Giya na kan P, bonet a rufe, ƙofofi a rufe, babu wani makulli a ciki, batir da ƙarfi. A motoci da yawa idan fitilar gargaɗin inji tana kunne rimot ba zai yi aiki ba sam, ko da dalilin fitilar murfin tanki ne da bai ɗauru ba. Wasu suna ƙi idan mai ya yi ƙasa, wasu idan fitilun haɗari na kunne.

Abin da ya fi yawan jawo ƙin tashi ba tare da wata alama ba shi ne ɗan maɓallin da ke gaya wa kwamfuta bonet a rufe yake. Gishirin da ake zubawa a tituna don narkar da ƙanƙara yana cinye shi, ko ya lanƙwashe, sai motar ta ɗauka wani na aiki a inji. An sa shi ne don kada inji ya tashi hannun bakanike na kusa da bel, don haka a gyara shi, kada a yanke wayar.

Na biyu batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi a daidai lokacin da mai ya yi kauri inji ke buƙatar ƙarfi. Lambar CCA da ke jikinsa, wadda ke nuna ƙarfinsa na tada inji a cikin sanyi, ana auna ta ne a digiri 18 ƙasa da sifili na daƙiƙa 30. A auna shi da mita bayan motar ta kwana: bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 kamar rabi, ƙasa da 12.0 ya kusa ƙarewa. Silo da fanka da ɗumin kujera da gilashin baya duk a kunne ba ya cajin batir wani abin kirki, saboda altaneta a ƙaramin juyi kusan abin da take bayarwa ake cinyewa. Shi ma rimot yana da nasa ƙaramin batir, galibi CR2032 mai bolt 3. Idan ka ga sai ka matso kusa yake amsawa, shi ne.

Ta tashi, amma ba ɗumi

Idan saiti daidai ne, an yi minti 15 iska na nan da sanyi, sai a koma kan hanyar ruwa, kuma yadda matsalar ke nuna kanta yana faɗin inda take.

Hita mai zafi a kan tafiya, mai sanyi a tsaye: wannan ne ya fi damun masu rimot, tunda rimot a tsaye yake aiki. Fara da awon ruwa a robar ajiya, inji na sanyi. Ƙaramin lagireton hita yakan kasance a sama, idan ruwa ya ragu ko iska ta maƙale a ciki, famfo a silo ba ya iya tura ruwa can, sai an ba da wuta. A cika, a fitar da iskar, sannan a nemo inda ruwan ke zuba, domin ba ya raguwa haka kawai. Idan ruwa cike yake, to ko fukafukan famfon sun cinye ko hitar ta fara toshewa. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan yana ƙarƙashin matsi, zai feso.

Allura ba ta hawa ko a kan tafiya, ko tana sauka idan an hau babban titi: tamostat ne ya maƙale a buɗe. Aikinsa shi ne ya hana ruwa zuwa babban lagireto sai ya kai digiri 80 da wani abu zuwa 90. Idan ya tsaya a buɗe, duk zafin da silo ya tara babban lagireto na watsar da shi. Na'urar bincike kan nuna lamba P0128. Kuma tunda wannan lamba tana kunna fitilar gargaɗi, tana iya kashe rimot ɗin ma gaba ɗaya. Motar da wani ya cire wa tamostat da sunan maganin zafin inji ba za ta taɓa ɗumi a silo ba sai an mayar.

Akwai gwaji mai sauƙi idan inji ya yi zafi. Taɓa tiyo biyun da ke shiga bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, a hankali, nesa da fanka da bel. Duka biyun da zafi amma iska na sanyi, to ruwa na zagayawa, 'yar ƙofar raba iska ce ba ta motsi, kuma sau da yawa za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a bayan dashbod idan ka murɗa zafi, haƙoran robar da ke juya ta ne suka karye. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, hitar ta toshe, a wanke ta da ruwa, a tura shi ta tiyon da ya saba fitowa. Duka biyun ɗumi-ɗumi, a koma kan tamostat ko ƙarancin ruwa.

Iska mai zafi amma ba ƙarfi, filtar iskar ciki ce ta cika, yawanci tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. Fanka da ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, abin rage mata gudu ne ya ƙone. Wari mai zaƙi-zaƙi, da maiƙo a gilashi daga ciki, da jiƙa a ƙasan fasinja, hitar ce ke yoyo, kuma wannan ba a jinkirta shi. Ruwan da ke cikin inji kuma ya zama rabi maganin daskarewa rabi ruwa, wanda ke jure har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Ruwa zalla idan ya daskare yana tsaga bulok, wato gangar jikin inji.

Hayaƙi

Ba a tada mota da rimot a cikin gareji, ko ƙofarsa a buɗe take. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau 200 da wani abu, kuma inji mai sanyi ne ya fi fitar da ita, saboda matatar hayaƙin da ke jikin salansa ba ta fara aiki sai ta kai digiri 250 zuwa 300. Idan garejin a jikin gida yake, tana ratsawa ɗakuna. Haɗarin rimot na daban shi ne ana iya danna shi cikin aljihu ko a hannun yaro ba a sani ba. Mai ajiye mota a gareji ya sa na'urar gano wannan iska a gida, ya rataye rimot inda yara ba sa kai.

A waje kuma, bayan dusa mai yawa, sai an fita an share bakin salansa da kewayensa kafin a danna. Idan dusa ta rufe bayan motar, hayaƙin yana taruwa a ƙarƙashi ya shiga ciki. Kada a juya bayan mota ga taga ko ƙofar gida. Ba a barin yaro ko dabba a ciki ana ɗumamawa. Kyanwa kuma takan shige ƙarƙashin bonet neman ɗumi da dare, wanda ya san akwai su a kusa ya ɗan buga bonet kafin ya tada.

Doka ma ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Jamus sashe na 30 na dokar hanya ya hana barin inji na aiki ba dalili, a Birtaniya ƙa'ida ta 123 ta littafin dokokin hanya ta hana barin mota a kan titi inji na aiki ba kowa. Birnin New York minti 3 ya yarda, minti 1 kusa da makaranta. Toronto minti 1 ne a cikin awa. Rimot mai tada inji dai ya yaɗu a Amurka da Kanada fiye da Turai, inda aka fi amfani da wasu hanyoyin.

Wanda ake sakawa daga baya

Motar da ba ta zo da shi ba ana iya saka mata rimot na kamfanoni kamar Compustar ko Viper da ire-irensu. Kayan sun haɗa da ƙwaƙwalwar na'urar, da eriya a jikin gilashi, da wani sashe da ke gamsar da tsarin hana sata cewa makulli na nan, da maɓallin bonet, da wayar birki da ke kashe inji idan wani ya taka ba makulli. A nemi wayarin da aka yi wa irin motar, wanda ake soka shi kai tsaye ba a yanka wayoyin asali ba. Haɗin da aka murɗa aka naɗe da tef shi ne ke dawowa bayan shekara da batir mai mutuwa cikin dare. A kuma tabbata mai aikin ya haɗa wayar da ke ba fanka wuta, don idan aka manta ta inji zai tashi fanka shiru. Ɗumin kujera da gilashin baya ba sa zuwa da kansu, sai an nema an haɗa. Rimot mai amsawa, wanda ke gaya maka motar ta tashi, ya cancanci ƙarin kuɗinsa ga wanda ba ya hango motarsa daga inda yake.

Mai giyar hannu sai da tsari na musamman: ka ja birkin hannu, ka sa firi, ka fita inji na aiki, ka rufe ƙofa, na'urar ta kashe shi da kanta. Idan an sake buɗe ƙofa, ta soke. Wanda ya tsallake wannan, ranar da aka bar motar a giya za ta yi tsalle ta daki abin da ke gabanta.

Dizal da sauransu

Dizal ya fi fetur tsimin mai, don haka zafin da yake zubarwa a silo ya fi kaɗan. Ana iya barinsa rabin awa allura ba ta ɗaga ba. Masu ƙera su da yawa kan sa ƙaramar hitar lantarki a hanyar iska don cike giɓin. Na'urar rimot dole ta jira fulogin ɗumama silinda su gama kafin ta buga sitata, dogon silo kuma yana cika matatar toka da ke salansa.

A inda sanyi ke kai 20 ko 30 ƙasa da sifili, hitar bulok ta fi rimot amfani, kuma sun fi kyau a haɗe. Ƙarfe ne mai ɗaukar wat 400 zuwa 1,000 ko fiye, da ake sokawa a jikin inji a jona da wutar gida. Awa 2 zuwa 3 kafin fita ya isa, a sa mata agogon kunnawa maimakon a bar ta kwana. Inji zai tashi ruwansa da ɗumi, hita ta fara busa zafi cikin minti 2 ko 3, sai minti 5 na rimot ya yi aikin da 15 ba su yi ba. A arewacin Turai kuma akwai hitar Webasto da Eberspächer masu ƙona man tankin motar, kamar rabin lita a awa, su ɗumama ruwa su kunna fanka inji na kashe. Batir suke ci, shi ya sa ake cewa gwargwadon mintunan da ka ɗumama, gwargwadon mintunan da za ka tuƙa.

Motar lantarki ba ta da wannan jira, hitarta kai tsaye take ba da zafi cikin 'yan mintuna, kuma ana iya yi a gareji tunda ba hayaƙi. A ɗumama ta tana jone da caja, don zafin ya fito daga wutar bango batir ya fita cike. Mai haɗa fetur da lantarki kuwa, mafi yawansu sai sun tada inji kafin su ba da ɗumi, kuma injin kan tashi ya mutu da kansa ba sanarwa, don haka dokar gareji da ta salansa ta hau kansu kamar kowace motar fetur.